Batir Uku Cikin Shekara Biyu: Amsa Ga Direban Kanta

Wasiƙar wannan makon daga wani matashin direba ce a Kano. Na ɗan taƙaita ta, amma maganar tasa ce:

"Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina jan Kantar kawuna, mai shan gas, mai batir biyu. Da sanyi ina ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa 'Yankaba, da bazara kuma ina yin hanyar Haɗeja, Nguru da Gashuwa. Cikin shekara biyun nan batir uku suka mutu mana, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya mutu da asuba a Bokkos cikin Disamba, muka sa sabo. Na biyu, na ɗaya gefen, ya kumbura a Gashuwa cikin Mayu, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, shi ma muka canza. Na uku shi ne wanda muka sa a gurbin na farko, ya ƙi tayar da mota a Janairun nan sai da muka nemi masu turi. Yanzu Kawu ya fara cewa ko dai musanya su nake ina cin kuɗin. Wallahi ban taɓa ba, kuma maganar ta hana ni barci. Mai shago ya ce in sayi irin na ƙasashen ƙanƙara mai CCA 900, wai guda ɗaya ya isa tunda ɗayan bai shekara ba. Wanne zan saya da zai jure sanyi da zafi? Kuma yaya zan wanke kaina a wurin Kawu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne barcin nan da ka ce ka rasa. Zargi daga bare ma da ciwo, balle daga ɗan'uwan mahaifiya. Amma ka kwantar da hankalinka. Yadda ka jero mutuwar baturan nan, wanne a wane gefe, a wane wata, da irin warin da ka ji, shi kansa shaida ne a gare ka, kuma zan nuna maka yadda za ka karanta shi. Maganar Kawu tana nan tafe. Mu fara da ƙarfen, domin da shi za ka wanke kanka.

An bar jaki ana dukan taiki. Sau biyu mota ta ƙi tashi a kan dutse, sai kowa ya ɗora wa sanyi laifi. Sanyin Filato ba ƙarya ba ne: Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu asubar yankin kan sauka ƙasa da digiri 10. Sai dai lafiyayyen batir ba ya faɗuwa don wannan. Batirin da ya mutu maka a Bokkos tun a Gashuwa ya kwaso ciwonsa. Cikin batir farantan dalma ne a jiƙe cikin ruwa mai asid, kuma yanayin da ya fi yi masa daɗi shi ne wajen digiri 25. Masu ƙera shi sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan, in ya ɗore, yana raba kwanan batir gida biyu. To kai da kanka ka san Nguru da Gashuwa a Afrilu da Mayu, inda inuwa ma kan haura digiri 40. Baturan Kanta kuwa a gefen mota suke rataye, rana na dukansu ta sama, kwalta na turo musu huci ta ƙasa. Ruwan ciki ya riƙa ƙafewa, saman farantan ya fito fili, ƙarfen da ke riƙe da su ya riƙa zagwanyewa a hankali.

Abin da ke ruɗar direba shi ne duk wannan ɓarnar ba ta nuna kanta da bazara. Baƙin mai ya tsinke, inji da ɗuminsa, batir mai ɗumi kuma ya fi sakin wuta, don haka kana taɓa makulli ta tashi. Batirin da rabinsa ya riga ya tafi zai yi ta tayar da mota har ƙarshen damina ba ka sani ba. Sai hunturu ya zo abubuwa uku su haɗu a asuba ɗaya. Batir ya yi nauyin sakin wuta. Idan aka kai sanyin da ruwa ke daskarewa, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke tafiya. Baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi taurin juyawa. Sannan ga halin injin gas kansa, wanda ba shi da fulogin da zai ba shi tartsatsi kamar na fetur. Iska yake matsewa sau 16 zuwa 22, inda na fetur ke tsayawa a 8 zuwa 12, har sai ta yi zafin da ya haura digiri 500, gas ya kama da kansa. Idan sitata ba ta juya shi da sauri ba, sanyin ƙarfe ya shanye zafin kafin ya kai. Ka ƙara da hitar da ke ɗumama cikin inji kafin a tayar, in injinka mai ita ne, wadda ita ma ta sha nata rabon tun kafin a murɗa makulli. A wannan asubar ce asirin da zafi ya binne yake tonuwa.

Yanzu ga abin da nake so ka yi kafin ka kashe ko kwabo. Gobe da safe ka tsuguna a gefen akwatin batir ka bi wayoyin da ido. Baturan nan biyu a jere aka haɗa su, 12 da 12 suka zama bolt 24. Wayoyi masu kauri uku za ka gani: wadda ta tafi sitata, wadda ta kama jikin mota, da gajeriyar gadar da ta haɗa wannan batir da wancan. Ka duba ko akwai wata 'yar siririya da ta fito daga kan gadar nan ta shige gidan gaba. A shekarun da na yi a garejin wayarin na ga irinta ba iyaka. Galibi ja ce, an murɗa bakinta a ƙarƙashin noti, an naɗe ta da baƙin salatif da ya riga ya saki don zafi, ta bi ta ƙarƙashin kujera har wurin rediyo. Rediyo, sifika, fanka, cajin wayoyin direba da yaron mota da duk wanda aka rage wa hanya, yawancinsu bolt 12 suke so, sai a ga sauƙi a jawo musu daga batir ɗaya.

Wannan 'yar wayar ita ce ke cin batura. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ba ta san akwai biyu ba, jimla kawai take gani, kuma wuta iri ɗaya take turawa ta ratsa su duka. Wanda ake tsotsa ba ya taɓa cika. Wanda ba a taɓawa kullum a cike yake, amma ana ta ɗura masa. Ɗaya na mutuwa da yunwa, ɗaya da ƙoshi. Na yunwa wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantansa har su daina karɓar caji, kuma irinsa ne ke kasawa da sanyin asuba. Na ƙoshi ruwansa ke tafasa, ya bushe, cikinsa ya kumbura, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma a tsakiyar zafi yake yin haka. Ka koma ka karanta wasiƙarka: gefe ɗaya ya mutu sau biyu da sanyi, ɗaya gefen ya kumbura a Mayu. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka tarar da wayar, a cire ta a ranar, a sa 'yar na'urar nan da ke sauke wuta daga 24 zuwa 12, wadda masu wayarin ke kira kwambata. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir ba. Cajar waya kuma akwai masu ɗaukar 12 har 24, a rubuce yake a jikinsu.

Ko babu wayar, akwai laifi na biyu da kai ma ka faɗa da bakinka: ɗaya bayan ɗaya kuke canzawa. Haɗa sabon batir da tsoho kamar ɗaure ɗan maraƙi da tsohon sa ne a garma ɗaya. Ba sa cika tare, ba sa ƙarewa tare, kuma tsohon ne ke jan sabon ƙasa. Shi ya sa ban yarda da maganar mai shago ba cewa guda ɗaya ya isa. Wanda kuka sa a Mayu ya yi wata takwas yana aiki da abokin da ba shi da lafiya, ya kuma sha ragowar bazara. Shawarata a canza biyun rana ɗaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, watan ƙira ɗaya. Na Mayun ba asara ba ne. In ya ci gwaji zai yi aiki a janareta ko ƙaramar mota, ko a sayar a rage kuɗin sababbin.

Na uku da za a tuhuma ita ce altaneta, kuma mita ce ke yanke hukunci. Ka sami mai wayarin da ke da mita ta gaske, ka tsaya a kansa ka ga lambobin da idonka. Bayan mota ta kwana ba a kunna ba, cikakken batir na nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan 12.4 ne, kashi uku cikin huɗu ke ciki, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa zama fanko. A auna kowanne daban, kuma su zo kusan daidai da juna. Idan inji na aiki, biyun a haɗe su nuna tsakanin 27.6 da 28.8. Ƙasa da 27, ba a ciyar da su. Sama da 29, dafa su ake yi, kuma a zafin Gashuwa sabon batir ma ba zai kai labari ba. Mai mota mai batir ɗaya ya raba biyu: 13.8 zuwa 14.4. A duba fambel ko ya saki, a kwance wayar da ta kama jikin mota a kankare tsatsar wurin. Sau da yawa a nan gizo ke saƙa, ana can ana zagin batir.

To, mu zo kan CCA 900 ɗin nan. CCA ma'auni ne na yawan wutar da batir zai iya saki na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Ga ɗan'uwanmu da ke jan mota a Kanada ko Rasha wannan lambar ita ce gaba da komai, har ma sukan jona inji da wutar gida ya kwana da ɗumi, su sha gas na musamman da ba ya daskarewa. Kai kuwa sanyin da ya fi tsanani a hanyarka bai ko kusanci wurin ba. Injin gas na buƙatar CCA mai kyau, wannan haka ne, kuma kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya tsara. Amma akwai abin da mai shago bai gaya maka ba. Akwati ɗaya ne, girmansa bai ƙaru ba. Hanyar da aka fi bi a ƙara CCA ita ce a cusa farantai da yawa masu sirantaka, ruwa kuma ya ragu. Siririn faranti shi zafi ke fara cinyewa, shi gargadar hanya ke fara karyawa. A Amurka ma akan yi batir iri biyu, na jihohin arewa masu ƙanƙara da na kudu masu zafi, na kudun CCA ɗinsa bai kai ba amma ruwansa ya fi yawa. Kai ɗan kudun nan ne a wannan lissafi. Ka kuma lura da wata dabara: wani batirin CA ko MCA aka rubuta a jikinsa, wanda a digiri sifili ake aunawa, don haka lambar takan fito da girma. Kada a nuna maka wannan a ce CCA ne.

Lambar da ta fi shafarka ita ce Ah, wadda 'yan kasuwa ke kira ams, wato yawan wutar da batir ke iya ajiyewa. Ita ce ke riƙe ka idan ka kwana a layin lodi da fitila a kunne, ko inji ya buƙaci murɗi uku kafin ya kama. A nan ma akwai inda ake ruɗa mutane. Motocin Japan irin taka suna amfani da lamba kamar 95D31L. Wannan 95 ɗin ba ams ba ne, matakin ƙarfi ne kawai. Batir mai wannan lamba wajen Ah 80 yake. D na nuna faɗi da tsayi, 31 tsawon akwati ne a santimita, L ko R kuma gefen da kan nagatif ya faɗo. Masu N70 ko N100 su ne lambarsu ta yi kusa da ams ɗinsu. Kanta kala-kala ce, don haka kada ka ɗauki lambar motar abokinka. Ka duba littafin motar in yana nan, in babu ka auna akwatin da igiyar awo, ka ɗauki hoton yadda kawunan suka zauna. Ka sayi mafi girman Ah da zai zauna daram a wurin, maƙalin ya kama shi, wayoyi su kai ba tare da an ja su ba. Batirin da ya fi wurinsa girma aka ɗaure da roba ko igiya, hanyar Mangu kaɗai ta ishe shi.

Wane iri? A ra'ayina, ga mai irin aikinka babu kamar batir mai ruwa, mai murafu shida da ake buɗewa, wanda aka yi don manyan motoci. Dalilina ɗaya ne: zafi ruwa yake sha, wannan kuwa kana iya mayar masa da abin da aka sha. Rufaffen da ake cewa ba ya buƙatar kulawa yana da kyau, ruwansa ba ya saurin tafiya, kuma ga wanda ya san ba zai taɓa buɗe murfi ba shi ya fi. Amma ranar da ya bushe, ya bushe ke nan. AGM, wani rufaffen batir da ruwansa ke jiƙe cikin audugar gilashi, wanda galibi shi ake nufi da "na ƙasar ƙanƙara", yana jure girgiza kuma yana da ƙarfin tayarwa, sai dai ba ya son zafi, ba ya yafe cajin da ya wuce kima, ga tsada. Wanda motarsa ta zo da shi daga kamfani, irin sababbin nan masu kashe kansu a danja, shi ya mayar da irinsa. Tsohuwar Kanta ba ta buƙatarsa. Batirin sola kuwa kada ma a kawo maganarsa. An yi shi ne ya riƙa sakin wuta kaɗan-kaɗan tsawon dare, ba ya bugun da sitata ke nema.

Abin da ya fi suna da tambari muhimmanci shi ne shekarun batir a shago. Batir mai ruwa tun yana kan kanta yake tsufa, kuma a rumfar kwano da rana ke gasawa abin ya fi sauri. Ka ce a nuna maka ranar ƙira. Kowane kamfani da yadda yake buga tasa, mai shagon kirki ya san ta kayansa. Wanda ya haura wata shida ka bar shi. A ɗora mita a gabanka, kada ka karɓi abin da bai kai 12.5 ba. In ka sami busasshe, wanda sai an saya ake zuba masa ruwa, wannan ya fi dacewa da ƙasarmu, don kwanansa daga ranar zubin yake farawa. A bar shi ya huta, a ba shi caji ya cika kafin a ɗaura. Ka ɗaga biyu masu girma ɗaya ka ji nauyinsu a hannu, dalma nauyi gare ta, kuma wanda ya yi sakayau an rage masa wani abu. Ka dubi kawunan: na sabo sumul suke, wanda aka wanke aka sake wa takarda za ka ga sawun maƙali a jikinsu. Akwai na'urar da ke ɗora wa batir nauyi na daƙiƙa 15, lafiyayye ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6. Wannan shi ne gwaji. Abin nan da ake yi na goga waya a kawuna biyu a ga tartsatsi ba ya nuna komai, kuma batir na fitar da iska mai kamawa da wuta. Na ga wanda murfi ya tashi a fuskarsa ta wannan hanya, Allah ya kiyaye idonsa. Don haka ko duba ruwa za ka yi da dare, da tocila, ban da ashana, ban da sigari. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar kowane batir da wa'adin garanti. Araha ba ta ado, kuma kun riga kun biya kuɗin wannan darasin sau uku.

Kulawar ba ta da yawa. Daga Maris zuwa Yuni ka buɗe murafun duk mako biyu, sauran watanni sau ɗaya a wata. Ruwa ya rufe farantan da kamar faɗin yatsa, kada ya cika har baki. Tataccen ruwan batir kaɗai za ka ƙara. Ban da fiya wata, ban da na rijiya ko burtsatse, gishirin cikinsu na lalata farantai. Ban da ƙarin asid kuma, ko wa ya ce maka zai ƙara ƙarfi, domin ruwa ne ke tashi, asid na nan inda yake. Farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a kan batir, ka cire wayoyin, nagatif da farko, ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, murafu a rufe ruf don kada ya shiga ciki, ka goge ya bushe, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa basilin. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid a saman batir tana zama hanyar da wuta ke zurarewa, tsumma kawai take so. In akwatin ba shi da murfi a yi masa na kwano mai barin iska ta ratsa. Masu Hilux da Hiace da batirinsu ke kusa da inji, kada su yar da rigar nan da ke zagaye da shi, zafin inji take tarewa.

Da asubar Bokkos kuma, ka kashe fitila da rediyo, ka jira fitilar hita ta mutu, in sanyin ya yi yawa ka maimaita sau biyu. Ka taka kuloci. Murɗi kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan ka ba shi hutun minti ɗaya. In ta tashi da farin hayaƙi tana kakkarwa, a auna hitocin, wataƙila wasu sun ƙone, batir ne ke biyan bashinsu. Ka kuma dubi galan ɗin baƙin man da ake zuba maka. Mai lamba 40 zalla kauri yake yi da sanyi kamar zuma. 15W-40 an yi shi ne ya gudana da asuba ya kuma riƙe jikinsa da rana. Direbobin da ke wuce Agadas su shiga hamada, inda daren Janairu kan kusanci sifili, ranar Mayu da Yuni kuma ta haura 45, su ma wannan lissafin ne nasu, sai dai su kuskure ya fi yi musu tsada.

Saura Kawu. Kada ka je masa da rantsuwa ko da fushi, kuma kada ka aika mahaifiyarka ta yi maka magana, abin zai koma rigimar gida alhali maganar waya ce da dalma. Ka tuna shi ma yana da hujjar damuwa: kuɗi ya fitar sau biyu, ga na uku na tafe, ba wanda ya yi masa bayanin da ya gamsar da shi, kuma ba ya kan hanya tare da kai. Ka same shi bayan sallar isha'i, lokacin da ba kowa, ka ce, "Kawu, maganar batir ɗin nan ta dame ni kamar yadda ta dame ka. Ina roƙon ka zaɓi mai wayarin da ka yarda da shi, mu je tare a auna motar a gabanka." Ka bar shi ya zaɓa, wannan ne zai fi kwantar masa da rai. Gani ya kori ji. In 'yar wayar nan ta fito, kuma kai ka sa aka ja ta ko ka gan ta ka yi shiru, ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaye ka, ka ce ba ka san illarta ba. Rashin sani daban, cin amana daban, kuma dattijo ya san bambancinsu. Ranar saye ma ku je tare, ko ya tura wanda ya amince da shi. A rubuta kwanan wata da fenti a jikin kowane batir, rasit ya zauna a hannun Kawu, hoton lambobin a wayarka da tasa. Ba don ana zarginka za a yi haka ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Matattun kuma kada su kwana a tsakar gida. Na san ana ajiye su a bayan ɗaki ana jiran su yi kuɗi, yara na hawa kansu suna wasa. A Thiaroye da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 ne suka rasu saboda dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwa, kuma mu nan ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba, ko da yake waccan daga haƙar zinare ta fito. Ka ba mai shago su a rufe yadda suke, a rage maka kuɗin sababbin, kada ka zubar da ruwansu a kwata, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.

In an ɗaura sababbin, ka sa a auna kowanne daban a ƙarshen Afrilu, ka rubuto mini lambobin biyu da abin da altaneta ta nuna. Allah ya tsare hanya, ya daidaita tsakaninka da Kawu.